Dalsu da Miyar Ranar Haihuwa

Mu 'yan kasuwar Dolpo babu wanda ya taɓa cin kofin komai a cikinmu, ko na tseren buhu. Amma zauna a shagon abincin Gwaggo Chu da rana, za ka rantse kowannenmu tsohon koci ne da aka kora bisa zalunci. To duk cikinmu babu mai baki irin Pyo Dalsu, mai busasshen kifi na layi na uku, gajere mai tumbi, wanda sai ya taka kujera yake ɗauko kwali daga saman kantarsa. Shi ne masanin ƙwallon kwando na garin nan, shi kuma ya naɗa kansa.

Bana bakinsa ya samu abin yi. Bayan shekara ashirin da biyu, ƙungiyar kwandon garinmu, Ƙaguwar Dolpo, ta kai ƙarshen gasar cin kofi, ta haɗu da Hankakin babban birni, waɗanda Dalsu ya tsana fiye da ciwon haƙori. Wasa bakwai ake yi, wanda ya fara cin huɗu ya ɗauki kofi. An yi shida, kowa na da uku. Na bakwai ranar Lahadi ƙarfe biyu, a gida. Dalsu ya rufe shago ya yi awa biyar a layi ya samo tikiti, layin kujeru na tara, kujera ta goma sha huɗu. Ranar Alhamis ya shigo shagon Gwaggo Chu yana fifita da shi.

"Hankaki ba wasa suke yi ba, siyayya suke yi," in ji shi. "Duk ɗan wasan da ya yi tsawo sai su saye. Da ni ne kocinmu da tun wasa na biyar an gama. Na faɗa a cire mai lamba bakwai, an ji?"

"A ina ka faɗa?" in ji Gwaggo Chu.

"A nan mana."

"To kocin bai zo cin abinci ranar ba."

A can kusa da talabijin Ma Gitae yake zaune, yayan matar Dalsu, mai takalman roba, wanda ba ya ganin komai a duniya sai besbol, wasan nan da ake jefa ƙaramar ƙwallo a doke ta da sanda. Ranar ransa a ɓace yake, kuma da dalili. Asabar ɗin ranar 'yan kasuwa ce a filin Dorina, ƙungiyarmu ta besbol, kuma kafin a fara wasa akan ba baƙo ɗaya ya hau tudun jifa ya yi jifan farko zuwa hannun mai cafkewa a gaban jama'a. An yi ƙuri'a cikin 'yan kasuwa ɗari biyu. Gitae ya shekara talatin yana mafarkin tudun nan. Ƙuri'ar ta faɗa kan Dalsu.

"Baban Eunbi," in ji Gitae da murya ƙasa-ƙasa, yana kiran Dalsu da sunan 'yarsa, "ka bar mini jifan nan. Kai ko dokokin wasan ba ka sani ba."

"Yaya, wasan ne yake da doka? Mutum tara a tsaye awa uku, ɗaya yana aiki, takwas suna susa. Wannan ai jiran mota ne aka sa wa tikiti."

Shagon ya kwashe da dariya, kan Dalsu ya ƙara girma.

"Ga camfi! Wani ba ya wanke safa, wani ba ya aske gemu, wani ba ya taka layi. Mu 'yan kwando hannu muke da shi. Ni da na jefa ƙwallo mai girman kabewa cikin zobe a sakandare, ɗan wannan mai kamar ƙwai ne zai gagare ni? Ko miyar ganyen teku aka ba ni kwano uku, in shanye in je in jefa!"

Wani ya ajiye cokali. A garin nan ko mai gwajin tuƙin mota ba ya kusantar miyar ganyen teku ranar gwaji. Santsi gare ta, wanda ya sha zai zame, kowa ya san haka tun yana goye.

Gitae ya juyo da kujerarsa. "In ƙwallon ta isa hannun mai cafkewa ba ta taɓa ƙasa ba, zan sa rigar Ƙaguwa wata guda, in shiga lasifikar kasuwa in ce besbol wasan malalata ne. In ba ta isa ba, tikitin nan nawa ne, in yi yadda na so da shi. Kai kuma Lahadi ka zauna nan, babu waya, ka kalli besbol daga farko har ƙarshe."

Nan fa ya kamata mai hankali ya ce wasa yake yi. Dalsu ya dubi idanun da ke kansa, ya miƙa wa Gwaggo Chu tikitin. Ta soke shi a aljihun gaban rigarta, ta ce ko gobara aka yi ba ya fita sai Asabar.

Ranar Juma'a da safe ya fito atisaye. Gitae da kansa ya ara masa ƙwallo, ya auna masa nisan da tef, mita goma sha takwas da ɗoriya. Dalsu ya tsaya a bakin shagonsa yana kallon Gitae yana ta tafiya da tef, ya wuce mai awara, ya wuce mai kabeji, sai da ya kai tankin kifin Malam Byeon sannan ya tsaya.

"Yaya, ka wuce."

"Ban wuce ba."

"Tef ɗin na ƙasar nan ne?"

Jifan farko ya faɗa bahon kabeji, rabin hanya. Dalsu ya ce ɗumama hannu yake. Na biyu ya sa ƙarfi, ƙwallon ta yi hagu ta doki sikelin mahauci. Na uku ta yi dama ta fasa murfin tulun da Gwaggo Chu ta gada daga surukarta, wanda take jiƙa kimchi, kabejin nan mai yaji, a ciki. Kafin na huɗu sai ga lasifikar kasuwa: "Jama'ar layi na uku, a rufe tukwane, a janye tsofaffi daga hanya. Malam Pyo yana atisaye."

"Ka sa ido a kan tankina," Byeon ya yi masa tsawa daga nesa. "In dai nan kake nufa, na tabbata kifina sun tsira!"

Na bakwai ne ya kai gaban tankin da ƙyar, ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Dalsu ya ɗaga hannun hagu sama ya zagaya layin, ya ce an gama, gwani ba ya ɓata hannunsa a atisaye. Gaskiyar magana kafaɗarsa ce ta ƙi ɗaguwa. Matarsa Sunok tana liƙa masa filastar zafi da yamma sai ta ce, kamar ba komai ba, "Umma ta bugo. Motar farko za ta biyo gobe."

"Kallon jifan za ta zo?"

"Ranar haihuwarka ce, Baban Eunbi."

Ya miƙe zumbur. Shi da kalandar bango yake aiki, mahaifiyarsa kuwa da kalandar wata take lissafi, ranar haihuwarsa yawo take yi kowace shekara, bana ta zo ta sauka daidai kan Asabar. Kuma ranar haihuwa ba ta da wani abinci sai miyar ganyen teku, wadda uwa ta sha da ta haife ka. Shekara hamsin da huɗu Umma ba ta taɓa fashin dafa masa ba, har lokacin da yake soja sai da ta kai masa ita bakin bariki.

"Ki ce mata cikina ya ɓaci."

"Kai ka faɗa mata."

"Ki ce mun yi tafiya."

"Zuwa filin da za a nuna ka a talabijin?"

Ga abin da ba wanda ya sani a kasuwa: Dalsu ya fi kowa camfi. Tun da aka fara gasar nan da ƙafar hagu yake fita gida, kuma singiletin da ke jikinsa ranar da Ƙaguwa ta ci wasan farko har yau bai ga ruwa ba.

Da safe Umma ta iso, 'yar tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, rungume da tukunya ƙunshe cikin ƙyalle. Ba ta gama cire takalmi ba sai ga Gitae, baki har kunne.

"Barka da zuwa, Umma. Na zo taya ƙanina murna. Ya ce kwano uku zai sha."

"Uku?" Fuskar tsohuwar ta haskaka. "Ashe gara da na ƙara nama."

Suka zauna a ƙasa a gaban ɗan gajeren tebur. Dalsu ya riga ya yi dabara: ya buɗe leda a tsakanin cinyoyinsa, ƙarƙashin tebur. Aka ɗora masa kwano yana tururi, ƙamshin man riɗi ya cika ɗakin. Ya ce, "Umma, babu kimchi?" Ta tashi ɗaukowa, Gitae ya miƙe zai taya ta, Dalsu ya juye kwanon. Na biyu, ya nuna taga ya ce wace mota ce ta tare wa Yaya hanya. Na uku, yana cikin juyewa ya ɗaga kai ya ga Sunok tsaye a bakin kicin tana kallonsa. Ta goge hannunta ta juya.

Ya ƙulle ledar, ya cusa ta ƙarƙashin rigar Ƙaguwa mai faɗi da ya rantse da ita zai shiga filin besbol, ya soke bakinta a ƙugun wando. Tumbi ya hau kan tumbi. Zafin miyar ya ratsa singileti, gumi ya karyo masa.

Umma ta shafa cikin ta ce, "Yauwa. Haka nake son ganinka."

Niyyarsa ya shiga banɗaki ya zubar, sai ya tarar Gitae ya riga shi shiga, motar 'yan kasuwa kuma tana ta oda a waje. A ƙasan bene akwai durom ɗin ragowar abinci, amma matar da ke kula da sharar gidan tana tsaye a kansa, mace ce da take gane ɓawon kankanar kowane gida. Titin garin nan kuwa sai ka yi tafiyar rabin awa ba ka ga kwandon shara ba. A mota Umma ta zauna kusa da shi ta riƙe masa hannu. Duk ramin da motar ta faɗa sai cikinsa ya yi wani ƙulu-ƙulu.

"Wa ya taho da miya?" in ji Byeon daga baya, yana shinshina.

"Gyatsa na yi," in ji Dalsu.

"Kai! To ka ci da yawa."

A bakin fili wata ma'aikaciya mai waya a kunne ta cafke shi. Ya ce banɗaki. Ta ce saura minti huɗu. Ya ce minti ɗaya ya ishe shi. Ta ce ta sha jin haka, bara wani ya shiga sai da aka ɓalle ƙofa. Ta damƙa masa ƙwallo, ta tura shi cikin hasken rana.

Wayyo, fili! Mutum dubu goma sha biyu, ganguna, waƙa, ƙamshin soyayyar kaza. Ya ga kansa a ƙaton allon filin, gajere, da jar riga a cikin tekun masu shuɗi. Aka kira sunansa. Wasu suka yi wa rigar ihu, 'yan kasuwa suka yi tafi. Mutumin da ke cikin kayan dorina, abin wasan ƙungiyar, ya rako shi har tudun jifa yana rawa.

Sai gaisuwa. Ba a hawa tudun nan a yi jifa ba a rusuna wa jama'a ba. Ya rusuna gabas, ledar ta matse. Ya rusuna yamma, ya ji wani ɗumi ya fara bin cinyarsa. Ya miƙe da sauri ya dubi mai cafkewa, wanda ke tsugune can da nisa, kamar a wani gari. Ya gwada ɗaga hannu yadda ya yi jiya, kafaɗar ta ce ba ta san zancen ba.

Nan dabara ta ƙarshe ta zo masa, irin wadda ke zuwa wa mutum don ta ƙarasa shi. Ai shi ɗan kwando ne. Me zai hana ya nuna musu? Ya riƙe ƙwallon da hannu biyu a saman goshi, ya lanƙwasa gwiwa, ya yi tsalle.

Tsallen bai kai taƙi ɗaya ba, amma ya ishi ledar. Ta suɓuce daga ƙugu, ta biyo ƙafar wando, ta riga shi sauka, ta fashe. Ya dira a kan ganyen teku. Ƙafafunsa biyu suka yi gaba, shi ya yi baya, ya faɗi tim. Ƙwallon kuwa ta tafi sama ɗoɗar, ta ɗan tsaya kamar mai tunani, ta dawo ta sauka a kan tumbinsa, ta gangara ƙasa.

Filin ya yi tsit na numfashi ɗaya, sannan ya fashe. Mai kayan dorina ya rugo zai ɗaga shi, shi ma ya taka ganyen, ya kife a kansa. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka rufe fuska da huluna. Aka fito da masu gyaran fili da shebur da buhun ƙasa, aka jinkirta wasa minti goma sha biyu. Mai kyamara, wanda ba shi da tausayi ko kaɗan, ya matso da hoton har ana ganin ƙwayar riɗi.

A can cikin 'yan kasuwa Gitae yana dariya har yana dukan kujera. Umma kuwa ta gyara tabarau ta daɗe tana kallon allon.

"Wannan naman ni na yanka shi," ta ce.

Gitae ya haɗiye dariyarsa. A hanyar komawa ba wanda ya yi waƙa a motar, tsohuwar kuma ba ta riƙe hannun kowa ba.

Ranar Lahadi ƙarfe ɗaya da rabi Dalsu ya shigo shagon Gwaggo Chu yana ɗingishi, ya ajiye wayarsa a cikin tukunyar da ta nuna masa. Gitae ya karɓi tikitin daga hannunta ya jujjuya shi, sannan ya miƙa wa Sunok da ke jira a bakin shagon.

"Ni ba zan iya zama cikin wannan guje-gujen ba. Na ba wadda aka yi wa ɓarna. Sunok za ta raka Umma har ƙofar filin wasan."

"Umma? Yaya, ko kwandon ba ta san inda yake ba!"

"Kai da ka sani me ka tsinana?"

Haka ya zauna a gaban talabijin. Duk hutun da aka yi sai tashar ta maimaita faɗuwarsa, wani lokaci a hankali, wani lokaci da kiɗa. A karo na biyar shi da kansa ya fara sharhi.

"Ku dubi tsallen dai. A nan komai daidai yake. Matsalar daga saukar ce."

"Daga bakin ne," in ji Gwaggo Chu.

"Daga bakin ne," ya amsa. "Shekara hamsin da biyar ina tallar hannun da ban taɓa gwadawa ba. A sakandaren ma benci nake ɗumamawa, in kuna son gaskiya."

"Mun sani," in ji mutum uku tare.

Idonsa na kan besbol, kunnensa na kan titi. Agogo ya wuce uku da rabi. Ya san yanzu ana zagaye na ƙarshe, ya san mai lamba bakwai yana can yana ɓata ƙwallo, shi kuma ga shi nan yana kallon wani ƙato yana gyara safar hannu karo na huɗu. Zuciyarsa ta yi masa ciwo na gaske.

Huɗu saura kwata tasi ta tsaya a bakin layi. Sai ga Umma ta shigo da 'yar jar tutar da ake rabawa a ƙofa. Dalsu ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Umma! An tashi? Wa ya ci?"

"Ina na sani? Na kusa da ni ya ce saura minti biyu, saba'in da ɗaya da saba'in da ɗaya. Suna ta tsayar da abin suna shawara. Na ga rana tana yi, na taho."

"Kika taho? Saura minti biyu? Kujerar fa?"

"Tana nan inda take, ba na ɗauko ta ba." Ta juya. "Chu, tukunyar da na bar miki da safe, kin ɗora?"

Gwaggo Chu ta fito da ita tana tururi. Ƙamshin man riɗi ya cika shagon. Tsohuwar ta zuba kwano fal ta tura gabansa, ta zauna ta fuskance shi.

"Da ka sha jiya da tana cikinka," ta ce. "Abin da ke cikin mutum ta ina zai taka shi?"

Daidai nan wata mota ta danna oda a titi, wata ta karɓa, sai garin ya ɗauka gaba ɗaya. Byeon ya faɗo shagon da wayarsa a hannu yana haki.

"Mun ci! Mun ci! Saura daƙiƙa ɗaya, daga can gefe, gaban layin kujeru na tara! Mai lamba bakwai!"

Shagon ya kaure, har 'yan besbol suna rungumar juna. Dalsu ya tsaya cak, hawaye na bin kumatunsa, shi kansa bai san na murna ba ne ko na kujera ta goma sha huɗu da ta kalli abin ita kaɗai. Shekara ashirin da biyu.

"Zauna," in ji Umma. "Tana hucewa."

Ya zauna. Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya shanye, har ɗan naman da ke ƙasa. Yana ajiyewa ta sake cikawa. Gitae ya matso da kujerarsa kusa, ya ɗaga masa yatsu biyu.

"Saura biyu, Baban Eunbi. Wannan karon hannu a kan tebur."